Littafin da Mushe Ya Tafi Ɗaukowa

Deule, 9 ga Oktoba

Yaya Kadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida karatu da zafin Yamai. Mu nan lafiya lau. Baba shina gona, an fara yankan gero. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana gaishe ki, ta ce in tuna maki ko zumuncinmu ya yi nisa, kakarki da kakana uba ɗaya suke, don haka abin da zan faɗa ba roƙo ba ne, aike ne.

Kalla direba ya kawo mani gaisuwarki ta rasuwa. Na gode. Yau kwana hamsin da biyu da ruwa ya tafi da maigidana, Mushe, yadda ake ce ma malamin lakwal. An maida gidan hayarmu na Buza, ina takaba nan gidan Baba. Ina ci in an ba ni. Ina wanka in Inna ta ce. Mutane su zo su ce in yi haƙuri, in ce na gode. Ban san da mi nike haƙuri ba, don ba na jin komi, kamar ƙafar da anka daɗe zaune kanta. Tarho ɗinmu guda ne, shina aljihunshi ran nan. Na Baba kuwa sai an hau tudu ake samun rezo, kuma gida duka ke saurare. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuto maki.

Ga aiken. Akwai wasu littattafai guda uku na faransanci da Mushe ke karanta mani yana maidawa Hausa, kin san na bar lakwal a CM2, aji shida. Ya sa masu suna Masu Ɓoyon Iri. Sunan gaskiyar na kwafa maki a bayan wagga takarda, harafi harafi. An yi fim ɗinsu, Yaya! Kafin ya rasu ya nuna mani guntun tallar, minti biyu, mun kalla ya fi sau ashirin. Ya ce watan Oktoba za shi fito. Ga Oktoba ta zo.

Labarin wata ƙasa ne can gaba, bayan yunwa ta cinye duniya. Hukuma ta kwashe iri duka ta kulle. Hatsin da ake raba ma mutane an kashe mashi ciki, ko kin shuka ba ya tsira. Wanda anka kama da ƙwara ɗaya mai rai, an rataye shi. Sai ga wata yarinya, Mirel, kakarta ta ɗinke mata iri cikin bakin riga kafin ta mutu, ita ba ta ma sani ba sai da ruwa ya jiƙa rigar, ta ga tsiro na fitowa daga ɗinki. Ki ji fa! Amma wanda na fi so wani tsoho ne mai auna ma mutane rabonsu. Shekara talatin yana aikin hukuma, kullum yana danna babban yatsa gefen ma'auni don masu goyo su samu ƙari, ba wanda ya taɓa ganewa. Mushe ya sa mashi Baba Mai Tiya, har murya ya yi mashi, ta hanci. Mun gama na ɗaya da na biyu. A ƙarshen na biyu soji sun kama tsohon bakin gada.

Ki je wurin masu sa fim a kat memwar, katin nan na tarho, ki biɗo mani. Ki ba mota ta kawo Madawa, Kalla ya san sauran. Ina so in ga fuskar Baba Mai Tiya, ko yana da gemu. Ni na ce yana da shi, Mushe ya ce babu.

Af, na manta. Ina da ciki, Inna ta ce wata huɗu.

Ƙanwarki,
Fa'iza

Yamai, 21 ga Oktoba

Fa'iza,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai gajiyar sitaji na koyon aikin likita, an kai mu ɗakin haihuwa wanga wata. Ki gaida Baba da Inna. Allah ya jiƙan Mushe Hamidu, ya sa ruwan nan ya zama shahada gare shi.

Na karanta takardarki sau uku, kuma zan faɗa maki gaskiya don ni ce babba. Shafi uku kinka rubuto. Mijinki ya samu layi huɗu. Cikinki ya samu layi ɗaya, shi ma da "af, na manta". Wani tsoho da ba a taɓa haihuwa ba ya kwashe sauran. Fa'iza, kunya ta kama ni. Ko arba'in ba ta daɗe da wucewa ba kina tambayar gemun mutumin fim? Da takardar nan ta faɗa hannun wani ta kai Sabon Gida, Gwaggo Mairamu ta ji abin da matar ɗanta ke biɗa cikin takaba, da wane ido za mu dube ta? Ɗanta guda ke nan namiji.

Ki bar wanga zance. Ga abin da ya kamata ki rubuto mani: kin fara zuwa awo? An ba ki karne, katin awo? Kina jiri in kin tashi tsaye? Ki ja fatar idonki ƙasa ki duba a madubi, in ciki fari ne to jininki ya yi kaɗan. Nan ina ganin mata irinki kullum, ba su ci, ba su zo awo ba, sai ranar haihuwa a kawo su a amalanke, jini ya zuba kaɗan su tafi. Shekaranjiya mun rasa wata, shekarunta ba su kai naki ba. Takaba ba ta hana zuwa likita, ki sa Baba ya tambayi liman in kina shakka.

Na sa maki ƙwayoyin ƙarin jini cikin ambulan, guda kullum bayan kin ci abinci. Abin da ke cikinki shi kaɗai ne Mushe Hamidu ya bari. Fim ba ya gudu.

Ki yi haƙuri da zafin bakina.

Yayarki,
Kadijatu

Deule, 3 ga Nuwamba

Yaya Kadijatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An gama ɗaurin gero, Baba ya samu dami saba'in. Ƙwayoyin sun iso, suna kan taga. Na duba idon, fari ne. Ban je awo ba.

Ban ji zafin maganarki ba. Na so in ji, na sake karantawa ko zai zo, bai zo ba. Gaskiyarki ce a kan layi huɗu. To ga sauran layukan, ke kaɗai za ki san su.

Kowa ya san Mushe ya tafi Keita gaida abokinshi Mushe Yaƙubu, ƙorama ta taso yana dawowa, ta ɗauke shi da moto, babur ɗinshi. Haka Baba ya sani, haka uwarshi ta sani. Ba gaisuwa ta kai shi ba. Littafi na uku shina hannun Yaƙubu. Tun da munka gama na biyu nike damunshi ya je ya aro.

Ran Lahadi ne da hantsi, ina tankaɗe. Ya fito ya dubi gabas ya ce, "Sama ta yi nauyi, a bari sai jibi."

Na ce, "Jibi, jibi. Tun watan jiya kake jibi. Ga hutun vakans na ƙarewa. Kai ba ka damu ba, ni ce anka bari bakin gada da tsoho a ɗaure."

Ya ce, "Tsohon nan ba inda za shi, Fa'iza, cikin takarda shike."

Na juya mashi baya na ci gaba da tankaɗe. Ya tsaya kaɗan, ya yi dariya, ya ce, "To, na ji, Hajiyar gaggawa." Na ji ya tada moto. Ban ɗago ba, don ina so ya san na yi fushi. Ban ce Allah ya kiyaye hanya ba.

Wanshekare da hantsi anka ishe shi cikin yashi, can ƙasa da inda ake ƙetarawa. Ba a ga jakarshi ba. Da anka kawo shi na ga yashi cikin kunnenshi, na sa bakin zane na share. Mata na ta kuka bayana, ni ina ta share kunne. Tun ranar ban ji komi ba.

Uwarshi ta zo ranar uku ta rungume ni, ta ce, "Ɗiyata, ni da ke anka yi ma." Na bar ta ta faɗa.

Ba nishaɗi nike biɗa ba, Yaya. Ko kuwa nishaɗin ne, ban sani ba, don in na tuna Mirel da tsiron nan a bakin rigarta shi ne kaɗai lokacin da nike jin ina numfashi. Littafin ya tafi da ruwa. Fim ɗin ya rage. Ina so in san abin da na aike shi ɗaukowa. In na ga ƙarshen ba sauran abin da nike jira, sai in tafi inda ya kamata in tafi, in huta.

Ki taimake ni.

Fa'iza

Deule, 6 ga Disamba

Yaya Kadijatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Sanyi ya shigo.

Sau huɗu Kalla na zuwa Madawa yana dawowa hannu wofi. Yau wata guda da kwana uku. Na gane. Da ni ce ma anka gaya ma abin da na gaya maki, da ban san abin da zan rubuta ba. Ba sai kin amsa ba. Abu guda nike roƙo, ki ƙone waccan takarda.

Ki bar maganar fim ɗin.

Fa'iza

Yamai, 14 ga Disamba

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ki gaida gida. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don na yi maki laifi.

Ba ƙyamarki nike ba, wallahi. Kat ɗin shina cikin jakata tun goma ga Nuwamba. Na same shi kwana biyu bayan takardarki ta iso. Amma na tsaya kan layin nan naki: in kin ga ƙarshen, sai ki tafi inda ya kamata ki tafi, ki huta. Fa'iza, na karanta shi a tsaye bakin ɗakin haihuwa. Ba kya ci, ba kya shan magani, kin ce ke kinka kashe mijinki, sannan kin ce abu guda ya rage maki. Na ce in na aiko shi, ni na buɗe maki ƙofa da hannuna. Sai na riƙe. Na kira tarhon Baba na ce a ba ni Inna, na ce ta sa maki ido, ban gaya mata dalili ba. Na zauna rubuta maki ya fi sau biyar, ban san yadda ake tambayar mutum wanga abu ba. Yanzu ina tambaya. Ina ne za ki tafi? Ki faɗa mani da sunanshi.

Na yi wani abu kuma ba da izininki ba. Na biɗi lambar Mushe Yaƙubu na kira shi. Ban faɗa mashi sirrinki ba, na ce dai ina so in ji yadda ranar ta kasance. Ya ce Mushe Hamidu ya iso tun kafin azahar, shi Yaƙubu ya ba shi littafin, ya ce mashi, "Ka juya yanzu, hadari na haɗuwa." Mijinki ya ce bari ya duba shafi ɗaya. Ya zauna bakin ƙofa ya buɗe ta baya. Anka kawo fura bai sha ba. Ya yi azahar ya koma ya zauna. Har la'asar yana nan, an fara ruwa can kan duwatsu. Yaƙubu ya riƙe kan moton ya ce ya kwana. Ya ce mijinki ya rufe littafin, fuskarshi kamar an yi mashi albishir da Makka, ya ce, "Ba zan iya riƙe wannan a bakina har gobe ba, sai ta ji."

Yaƙubu ya yi kuka a tarho. Ya ce wata huɗu yana cewa shi ne, da bai saki kan moton ba. To ku biyu ke nan. Ke kinka aike shi, ban ce ba haka ba ne. Amma da ya juya sa'ad da ya karɓa, da ya ishe ƙorama busassa. Ba ke kinka zaunar da shi awa uku ba. Kuma kwanan mutum in ya ƙare, ko kan tabarma ne.

Ga kat ɗin, da tsohon tarhona don ki kalla. Na ga riƙe shi ya fi aiko shi cutarwa. Amma ki sani tun yanzu, na kalla, kuma littafi na ɗaya kaɗai sunka yi. Ba gada, ba ƙarshe. An ce sauran sai baɗi ko baɗin baɗi.

Ki amsa mani da motar da ta kawo wagga.

Kadijatu

Deule, 27 ga Disamba

Yaya Kadijatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kowa na gaishe ki. Ban samu motar da kinka ce ba, ki yi haƙuri.

Sabon Gida nike nufi, Yaya. Wurin uwarshi. Ina so in je in durƙusa in gaya mata ni na aike shi. Amma ba zan iya ce ma tsohuwa ɗanki ya mutu saboda littafi, ta ce mi ke cikin littafin, in ce ban sani ba. Abin da nike jira ke nan. Wancan da kinka yi zato bai zo mani ba, shi ma ai sai da ƙarfi. Yanzu na gane abin da ya sa Inna ta kwashe maganin ƙwarin wake daga rumbu ta hana ni leƙa rijiya. Na ɗauka camfin masu ciki ne.

Maganar Yaƙubu na karanta. Ta baya ya buɗe. Halinshi ne, kullum sai ya leƙa gaba sannan ya zo yana yi mani fuskar wanda bai sani ba. Ban san inda zan aje maganar ba tukuna.

Mun kalli fim ɗin ran Talata bayan azahar, ni da Inna da Raihanatu maƙwabciyarmu. Munka rataya zane bakin ƙofa don haske, munka jingina tarhon jikin ƙwarya. Ni ke fassara. Ba duk faransancin nike ji ba, amma na san abin da kowa zai ce kafin ya buɗe baki.

Yaya, gonakin! Toka-toka har iyakar gani, ba ko ciyawa, daidai yadda nike ganinsu. Gidan da anka kulle iri ya fi yadda na zata girma, ƙofar ƙarfe kamar dutse. Mirel ta cika tsabta ga wadda ba ta ƙoshi, kuma na so a ce ta fi haka ƙanƙanta, amma idanunta sun yi. Wurin da kakar ke ɗinki zaren na kuɓuce mata, ban ƙifta ba. Da soji sunka sa ma rumbun wani manomi wuta Inna ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha! Har iri? Waɗanga ba su da uwaye?" Da tsiron ya fito daga riga Raihanatu ta yi guɗa, ta manta gidan takaba ne, ta rufe baki.

Sai ga layin rabon hatsi. Na ce masu, "Ku duba da kyau, ga shi nan tafe." Layi ya matsa. Mirel ta kai gaba. Yaya, inji ne. Wani akwatin ƙarfe, ki sa hannu ya zubo maki hatsi. Na ce wataƙila shina bayan injin. Na jira. Awa biyu ina jira, har rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Babu shi. Sun cire Baba Mai Tiya. Ko sunanshi ba a faɗa ba.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce wane marar hankali ne ya yi wanga aiki? Wa zai nuna ma Mirel hanyar arewa? Wa za a kama bakin gada? Mutum ya yi shekara talatin yana danna yatsa don ɗiyan wasu su rayu, ku maida shi akwati? Ina ta faɗa, muryata har waje, ni da wata huɗu ba a ji ta ba. Baba ya leƙo ya ce lafiya? Inna ta ce mashi, "Koma, da nasara take." Sai na yi masu tsohon da kaina, yadda shike cewa "Na gaba, buɗe buhunka, kar ka dube ni," ta hanci. Da na ji muryar ta fito na yi shiru. Ba tawa ba ce.

Ban yi kuka ba, kar ki sa rai. Amma na ji yunwa. Na ci tuwo malmala biyu. Ran Alhamis Inna ta raka ni awo. An ba ni karne, an yi mani faɗa irin naki, an ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, in dawo bayan sati biyu. Ina shan ƙwayoyin.

Fim ɗin yana da kyau. Na sake kallo sau shida. Duk sanda anka zo wurin injin sai in tsallake.

Fa'iza

Yamai, 19 ga Janairu

Fa'iza,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, egzame, wato jarrabawa, ya matso. Na karanta Sabon Gida na zauna ƙasa na yi ta dariya ina hawaye, abokan ɗakina sunka ɗauka na taɓu. Ki yafe mani wata gudan nan.

Na bi masu saida tsofaffin littattafai bakin titi, Asabar uku a jere. Ga na ukun. Bangon baya ya yage amma shafukan sun cika, na ƙirga. Ga ƙaramin ƙamus na faransanci da na yi lakwal da shi. Ban leƙa ƙarshen ba, na rantse.

Kar ki hau hanyar Sabon Gida da cikin nan. Ki jira. Ki ci zogale, ki ci hanta in an samu. In naƙuda ta fara a tafi likita tun da wuri, ban yarda da gida ba.

Kadijatu

Deule, 29 ga Maris

Yaya Kadijatu,

Assalamu alaikum. Ina fata egzame ya yi kyau. Na san Baba ya kira ki, amma ga shi daga hannuna. Na sauka ran sha ɗaya ga wata, a likita, da hantsi. Mace ce. Na zubar da jini, an sa mani ruwa leda biyu, an ce da ban sha ƙwayoyin nan ba da labari ya bambanta. Takaba ta fita tare da ita. An sa mata sunan Inna ta Sabon Gida, muna ce mata Ummi. Tana da kunnuwan ubanta.

Da anka aza mani ita na duba ta kamar ɗiyar maƙwabta. Yanzu da sauƙi. Akwai ranakun da nike jin ta har cikin ƙashi, akwai waɗanda nike ba ta nono kamar ina ba akuya dusa. Inna ta ce in bar ƙirgawa.

Ban je Sabon Gida ba, Sabon Gida ta zo. Uwarshi ta iso kwana biyu kafin suna. Bayan taro ya watse, ran da za ta koma, ta shigo sallama da la'asar, kayanta ɗaure. Na ce ta zauna. Na gaya mata duka, har tankaɗen, har bayan da na juya mashi. Na ɗauko littafin na aje gabanta na ce, "Ga abin da na aike shi ɗaukowa."

Ta daɗe tana dubanshi. Ta ɗauka ta juya, ta riƙe shi a kife. Na jira ta tashi ta fita.

Ta ce, "Wata bakwai kina ɗauke da wannan da ciki?"

Na ce e.

Ta ce, "Ban ce ban ji zafi ba. Na ji." Sannan ta ce, "Yana aji uku na aike shi kiwo, ya tafi da takarda, awaki sunka cinye ma Sambo maƙwabcinmu rabin gonar wake. Na doke shi har hannuna ya kumbura. Wanshekare ya sake tafiya da ita cikin wando." Ta share ido da bakin lulluɓi. "To mi ke ciki?"

Na fara mata daga farko. Kalla ya yi ta oda a waje har ya gaji ya tafi. Kwana huɗu munka yi kafin mu kai gada. Da anka kama tsohon ta ce, "Sai me?" Na ce nan na tsaya, sauran shina cikin wannan, kuma ni kaɗai ke karantawa da ƙamus, shafi uku a yini in Ummi ta bari. Tun Janairu na kai shafi na tamanin da huɗu. Har yanzu ba a ce komi kan tsohon ba, Mirel ce ke ta tafiya cikin duwatsu. Na ce mata Yaƙubu ya san ƙarshen, ana iya kiranshi a tarho, minti biyar ya gama.

Ta ce, "Ɗana cewa ya yi sai kin ji. Ni kuma daga bakinki zan ji. Saura nawa?"

Na ce ɗari biyu da talatin.

Ta lissafa da yatsu, ta ce, "Har shuka ke nan." Ta kwance ƙullin kayanta.

Inna ta gyara mata ɗakin da ke kusa da rumbu. Kullum bayan azahar uwar Mushe ta ɗauki Ummi ta zauna gabana, in na daɗe cikin ƙamus ta ce, "Wai kalma ɗaya ce har yanzu?" Jiya ta ba Kalla saƙo zuwa Sabon Gida, a gaya ma ƙanenta ya riƙe mata makullin ɗaki, a ɗoro mata akuyarta a mota.

Ki zo vakans ki ga ɗiyarki. Kowa na gaishe ki, har da baƙuwar tamu.

Ƙanwarki,
Fa'iza